Sata Gado Ce?

Tambaya: Wani saurayi manomi ya nemi auren 'yata. Ba mu san shi da aibi ba, amma mahaifinsa ya taɓa zaman kaso kan satar awaki. 'Yan'uwana na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In hana shi?
Wani uba, Tsanyawa

Amsa: Malam, Allah ya ƙara maka basira. Gado gaskiya ne. Tun 1979 masana a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ƙarƙashin Thomas Bouchard, suka bi diddigin tagwaye masu kama ɗaya da aka raba tun suna jarirai, suka tarar sun yi kusa a kaifin ƙwaƙwalwa da wasu ɗabi'u. Amma babu wanda ya gano ƙwayar gadon sata. Hannun yaro na koyon ɗauka ne daga abin da ya gani a gida, da yunwa, da abokan banza. Wani kuma kunyar abin da ubansa ya aikata ce ke tsare shi har abada, kuma na ga irinsu da idona.

Game da wannan saurayin, ka tambayi limamin unguwarsu da maƙwabtansa na gona. Ya biya bashin taki? An taɓa ba shi ajiya a kasuwa?

Abin da jini ke ɗaukowa kai tsaye shi ne sikila. Idan shi da 'yarka dukansu AS ne, kowane ciki na da haɗarin sikila kashi ɗaya cikin huɗu, kuma tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. Malam, ka kai su asibiti a gwada. In sakamako ya yi kyau, shaidu kuma suka yabe shi, ka ba shi.