Idan Kwale-kwale Ya Kife: Kimiyyar Tsira da Ceto a Ruwa

Gabatarwa

Birnin Katsina yana nesa da teku, amma wannan bai raba mutanensa da haɗarin ruwa ba. Akwai madatsar Ajiwa wadda ke shayar da birnin, ga ta Jibiya, ga ta Zobe kusa da Dutsin-ma, ban da kududdufai da ke cika kowace damina. A watan Mayun 2022, cikin hidimar Ƙaramar Salla, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa mutane fiye da goma, galibinsu yara. Kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021. Wannan darasi zai bayyana abin da ke faruwa da jikin mutum a ruwa, da yadda zai ceci kansa, da kuma yadda zai ceci wani ba tare da ya halaka kansa ba.

Dalilin kifewa

Kwale-kwale yana tsayawa daidai muddin nauyin da ya ɗauka yana ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya. Da zarar fasinjoji sun miƙe tsaye, cibiyar nauyin sai ta yi sama, ta yadda ƙaramar igiyar ruwa ma ta isa ta karkata shi. Lodi fiye da kima kan sa bakin jirgin ya matso dab da ruwa. Ruwan da ya shiga ciki kuwa yakan gangara gefen da jirgin ya karkata, ya ƙara masa nauyi a can. Idan tsoro ya sa jama'a suka ruga gefe guda, to, sun ƙarasa aikin da hannunsu.

Jikin mutum a cikin ruwa

Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Arkimidis, ya gano cewa ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Nauyin jikin ɗan Adam kusan daidai yake da na ruwan da yake kawarwa, kuma huhun baligi kan ɗauki iska har kimanin lita 6. Saboda haka mafi yawan mutane suna iya tasowa idan huhunsu na cike da iska, jikinsu kuma na kwance a cikin ruwan. Mai ɗaga hannuwa sama yana rage sashen jikinsa da ruwa ke tallafa wa, sai kansa ya nutse.

Idan ruwa ya taɓa maƙogwaro, tsokokinsa kan tsuke, su toshe hanyar numfashi. Iskar oksijin sai ta ragu a jini, mutum ya suma, kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6. Abin lura shi ne, mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba, domin ɗan numfashin da yake samu bai isa magana ba. Ana gane shi ne da tsayuwa miƙe a ruwa, kai a ɗage baya, baki na shiga yana fita, hannuwa na dukan ruwa a gefe. Wannan hali ba ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 kafin ya ɓace. Bugu da ƙari, ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka a lokacin hunturu gaɓoɓi kan yi saurin sandarewa.

Ceton kai

Mataki na farko shi ne mutum ya raba kansa da igiya, ko koma, ko kayan da ka iya sarƙe shi, ya taso. Idan ya sami kansa a ƙarƙashin jirgin, sai ya dafa bakinsa, ya nutsa kaɗan, ya fito ta gefe. Na biyu, ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, kunnuwa a ruwa, har numfashinsa ya daidaita. Sai bayan nan ne zai yar da takalma masu nauyi da babbar riga ko mayafin da ke naɗe masa ƙafa.

Na uku, kada ya rabu da jirgin. Kwale-kwalen katako galibi ba ya nutsewa ko ya kife, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi fiye da kan mutum. Gaɓa takan yi kamar tana kusa alhali tana da nisa, kuma ko gwanin iyo yakan gaji a hanya. Idan mutane suna da yawa, sai su rabu gefe biyu daidai, don kada jirgin ya riƙa juyawa da su. Mai son hawa bayansa ya hau ta ƙarshensa, yana jan ciki.

Idan jirgin ya nutse, a kama duk abin da ke yawo a saman ruwa. Jarka mai lita 20, babu komai ciki, a rufe gam, tana iya tallafar kusan kilo 19, alhali kan baligi bai wuce kilo 5 ba. Ke nan jarka ɗaya ta isa ta riƙe fuskokin mutum biyu ko uku a sama. Masuntan Argungu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke shiga ruwa da gora.

Mutanen Inuwit na Girinlan, masu farauta a ƙanƙanin jirgin mutum ɗaya da ake kira kayak, sun ƙware wajen juyo da shi bayan ya kife ba tare da sun fita ba, ta amfani da filafili da murɗa ƙugu. Wannan dabara ba ta yiwuwa a buɗaɗɗen kwale-kwale, amma darasinta yana nan: sai da atisaye a ruwa marar zurfi jiki ke sanin abin yi ranar tsoro.

Ceton wani

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Hakanan zai kama wuyan mai ceto, su tafi tare. Don haka ceto yana da jeri. Da farko a yi kururuwar neman taimako. Sannan a miƙa sanda ko filafili, mai miƙawa yana kwance rubda ciki don kada a fizgo shi. Idan da nisa, a jefa jarka ko gora ɗaure da igiya. Idan ya fi haka nisa, a tafi da jirgi. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe, kuma aikin gwani ne, wanda zai tafi da abin da ke yawo a ruwa ya sa shi tsakaninsa da mai nutsewa.

Mai ceto da jirgi ya kashe inji idan ya matso, saboda farfela. A jawo mutane ɗaya bayan ɗaya ta ƙarshen jirgin, sauran na ciki suna zaune. Idan wuri ya cika, ragowar su riƙe baki ko igiya har a kai gaɓa. Idan jirgin da ya kife ƙarami ne, matuƙan kayak suna da dabara: mai ceto ya gitta jirginsa a gaban kifaffen, ya jawo hancinsa bisa nasa har ruwan ya tsiyaye, ya birkice shi, ya jera su gefe da gefe, ya riƙe gam har mai shi ya hau.

Bayan an fito da shi

A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi na daƙiƙa 10. Idan ba ya numfashi, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, domin rashin oksijin ne ke kashe shi. Sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30, da zurfin santimita 5 zuwa 6 ga baligi, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a bi da huri 2, a ci gaba da haka. Kada a matsa cikinsa, kada kuma a rataye shi kai ƙasa da sunan fitar da ruwa. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yakan tura amai cikin huhu. Idan yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo sarai, a kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, domin huhun da ya shaƙi ruwa kan kumbura bayan wasu sa'o'i.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Rigar kariya, da ƙin hawa jirgin da ya cika, da guje wa tafiyar dare ko lokacin hadari, sun fi kowace dabarar ceto. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yulin kowace shekara don yaƙi da nutsewa, ranar da kan faɗo a tsakiyar damina, kuma makarantu na iya amfani da ita wajen gwaji.

Aikin aji

1. A sa rufaffiyar gorar roba mai lita 1 a bokitin ruwa, a rataya mata duwatsu har ta nutse, a auna su. Me sakamakon ya nuna?
2. Me ya sa ake jawo mutum ta ƙarshen jirgi maimakon ta gefe?
3. Me ya sa ake fara hura iska kafin danna ƙirji?