Kasafin Mai da Jirgin Aiki Ya Zama Na Tsere a Ruwan Yauri

Jirgin da ake su da shi, ko wanda ke fiton mutane da kaya tsakanin Zamare da Rofiya, ba jirgin tsere ba ne, ko da kafinta ɗaya ya haɗa su da katako iri ɗaya. Jirgin aiki an yi shi ne don ya ɗauki nauyi ya jure, shi ya sa yake da faɗin ciki da kaurin katako. Na tsere kuwa ana son sa siriri, marar nauyi, mai santsin ƙasa. Duk lokacin da bikin Rigata ya matso, ana samun masu zuwa rumfunan gyaran inji a bakin ruwan Yelwa suna son a mai da na farko ya koma na biyu cikin 'yan kwanaki, kuma galibi da buƙata ɗaya suke zuwa: a ƙara wa inji ƙarfi. A kasafin da aka tsara da hankali, ƙarin ƙarfin inji ne abu na ƙarshe da kuɗi ke shiga, idan ma ya shiga.

Rigata gado ne na Gungawa, mazauna tsibiran kogin Kwara, waɗanda aka sani da jarumtar ruwa da farautar dorina. A yau Masarautar Yauri da gwamnatin Jihar Kebbi ne ke ɗaukar nauyin bikin, kuma tseren jirage shi ne ƙashin bayansa. Don haka matakin farko ba ya cin ko kwabo: mai jirgi ya je wurin masu shirya gasa ko sarkin ruwan yankinsa ya ji ƙa'idar shekarar. Wane irin jirgi aka yarda da shi, mutum nawa, nisan tseren nawa, akwai juyawa ko miƙe ake yi? Wanda ya sayi kaya kafin ya ji wannan yana iya tarar da ya kashe kuɗinsa a kan abin da ba za a bar shi ya shiga ruwa da shi ba.

Sai kuma ruwan kansa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, kogin ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, amma halinsa ba ɗaya ba ne ko'ina. Daga Shanga zuwa Yelwa har yanzu ruwa na da gudu kamar kogi. Can ƙasa, wajen Wara a Ngaski da kewayen tsibirin Foge, tafkin ya buɗe, iska na tayar da igiyar da ke iya cika siririn jirgi nan take. Bishiyoyin da ruwa ya shanye lokacin cikar tafkin ba duka aka sare ba, kututturansu na nan a ƙasa, suna matsowa sama duk lokacin da ruwa ya ja baya. Farin ruwan damina da baƙin ruwan da ke isowa daga Gini da Mali a lokacin hunturu kowanne na sauya zurfi da ƙarfin gudu. Jirgin da aka shirya wa lafiyayyen ruwa ba lalle ne ya dace da buɗaɗɗen tafki ba.

Dalilin da ya sa ake jinkirta maganar inji lissafi ne. Jirgin da ke tsaga ruwa da cikinsa yana da gudun da tsawonsa ya ba shi cikin sauƙi: mai mita 9 wajen kilomita 13 zuwa 14 a awa, mai mita 16 wajen 18. Siririn jirgi kan wuce wannan, amma daga nan kowane ƙarin gudu da tsada ake sayen sa. A irin wannan tafiya, ninka ƙarfin inji sau biyu ba ya ƙara gudu fiye da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Idan jirgin mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ne, marar nauyi, har ya iya ɗagowa ya riƙa sulɓi a saman ruwa, ninkin kan ba da wajen kashi 40 cikin 100, kuma a nan rage nauyi na aiki daidai da ƙara ƙarfi. Ga shi babban inji da nasa nauyin yake zuwa. Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 wajen kilo 40 ne, mai doki 40 ya haura kilo 70, mai doki 75 ya wuce kilo 100, kuma duk a ƙarshen jirgi yake rataye, inda yake danne baya ya ɗaga hanci. Masu mai da motar wasanni ta zama ta tsere a Turai da Amurka sun daɗe da bin wannan tsari: taya da birki da kejin kariya da rage nauyi tukuna, sannan a taɓa inji.

Gangar jirgi ce, ke nan, ke cin kaso mafi girma. A fito da shi tudu a kife, a duba katako ɗaya bayan ɗaya. Maɗaci da kawo suna jure ruwa, amma tsohon katako na shan ruwa ya yi nauyi, kuma ruɓa kan fara ne daga inda ƙusa ta yi tsatsa. Akwai dabarar shanya jirgi don ya rage nauyi, tana kuma aiki, sai dai a inuwa ake yi, a hankali. Rana mai zafi na tsage katako ta buɗe mahaɗa, jirgin da aka shanya da gaggawa kuwa yakan koma ruwa yana yoyo ta ko'ina. Bayan shanya dole a sake cusa auduga a mahaɗai a bi da kwalta, a goge tudun kwaltar ya kwanta, a kankare gansakuka, a shafe ƙasan da fenti. Aikin ba ya burge 'yan kallo, amma ƙasa mai kaushi na cinye gudun da sabon inji ba zai dawo da shi ba.

Wurin rage nauyi ne ake yin kuskure mafi haɗari. Ana iya sauke benci, da rumfa, da ƙarin jarkoki, da tarkacen da ya taru a ciki shekara da shekaru. Ba a cire haƙarƙarin jirgi ko sandunan da ke riƙe gefe da gefe, ba a kuma feƙe katako ya yi siriri don neman sauƙi. Allon baya da ake ɗaura inji a kai ma ƙarfafa shi ake yi, domin shi ke ɗaukar dukan tunkuɗar. Jirgin da ya tarwatse kusa da Wara ranar 26 ga Mayu 2021 ɗauke da mutane fiye da 150, waɗanda kaɗan ne cikinsu suka tsira, ba tsere yake yi ba, amma ya nuna wa duk mai sana'ar ruwa a yankin abin da ke faruwa idan aka ɗora wa katako abin da ya fi ƙarfinsa. Gudu ma lodi ne: kowace igiya da jirgi ya daka da sauri, mahaɗansa ne ke amsawa.

Idan ganga ta yi daidai, sai a koma kan injin da ake da shi, a dawo masa da ƙarfin da ya zo da shi daga kamfani. Yawancin injunan da ke aiki a tafkin ba sa ba da shi. Sabbin fulogi na asali, wanke kafireta, sauya matatar mai da tiyo, sabuwar robar famfon ruwan da ke sanyaya inji, da sabon man giya: waɗannan kaɗai kan farfaɗo da injin da mai shi ya yanke wa ƙauna. Idan man giya ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga, sai an sauya robobin da ke toshe shi. A auna matsin silinda kafin a yanke shawarar sayen zobe ko fistin. Abubuwan da wasu masu gyara ke yi da sunan ƙarin wuta, wato feƙe kan silinda, huda jet ɗin kafireta da allura, cire abin daidaita zafi, ko rage baƙin mai a cikin fetur don wai inji ya yi sauƙi, kan ba da kuka mai daɗin ji na ɗan lokaci, sannan inji ya buga a tsakiyar ruwa. Ma'aunin da aka saba da shi a injunan da ake gauraya musu mai shi ne lita 1 ta baƙin mai a lita 50 ta fetur, ana ninka baƙin man ga sabon inji ko wanda aka sake haɗawa, kuma abin da littafin injin ya faɗa shi ake bi.

Farfela ce wurin da ƙaramin kuɗi ke sayen babban bambanci. Kowace farfela na da lamba biyu, faɗinta da tsawon takunta a juyi ɗaya, da inci ake rubuta su. Ƙarin inci ɗaya a taku na rage juyin inji da kamar 150 zuwa 200 a minti. Enduro mai doki 40 an yi shi ne ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa wuta duka. Farfelar ɗaukar kaya mai gajeren taku ce. Idan aka sauke lodi aka bar ta, inji zai yi ta ihu ya wuce iyakarsa ba tare da gudun ya ƙaru ba. Mai dogon taku fiye da kima kuma na danne inji ya kasa buɗewa. Ƙaramin agogon auna juyi da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi ya fi kunnen kowane gwani, kuma bai kai kuɗin farfela ɗaya ba. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi ta alminiyum riƙe siffarta a gudu, amma a ruwan da ke da kututture akwai abin lura: ta alminiyum idan ta daki itace ita ke lanƙwashewa, ta ƙarfe kuwa takan miƙa dukan ga sanda da giya, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. A ruwan Yauri, alminiyum biyu, ɗaya a jiki ɗaya a ajiye, sun fi ta ƙarfe ɗaya. Tsayin ɗaurin inji ma a duba shi: farantin da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi. Idan ya nutse da yawa yana jan ruwa, idan ya yi sama farfela na shaƙar iska a kwana.

Duk wannan ba a tabbatar da shi sai da gwaji, gwaji kuma fetur ne, shi ne kuma abin da aka fi mantawa da shi a lissafi. Inji mai doki 40 a cikakkiyar wuta yana shan wajen lita 20 a awa. Awa 10 na atisaye lita 200 ke nan, da lita 4 ta baƙin mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ƙarshen Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin mai da na kayan gyaran da ake shigowa da su ba sa tsayawa wuri ɗaya, don haka ya fi kyau a rubuta kasafi da lita da adadin kaya, a mai da shi naira ranar saye. Man jarka na bakin hanya a tace shi, a bar shi ya kwanta, domin ruwa kaɗan a ciki ya isa ya kashe inji ana tsaka da tsere. A wurin gwaji, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a bi tazara ɗaya a haura a gangaro, a ɗauki matsakaicin lokacin biyu don gudun kogi kada ya yi ruɗi. Wayar hannu mai manhajar auna gudu ta wadatar. Ga masu tseren filafili, abin da ke madadin fetur shi ne abincin matuƙa da ladan kwanakin da suka bar kamun kifi don atisaye. Jirgin da filafilansa ke faɗawa ruwa tare yakan wuce wanda ya tara ƙarfafa kowa na tuƙin kansa.

Kayan kariya ba sa jiran ragowar kuɗi, kuɗinsu ake fara warewa. Rigar ruwa ga kowane mutum, daidai jikinsa, a ɗaure ba a rataye ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida, wadda ke da ofishi a Yauri, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a hannun matuƙi ita ce mafi arha a dukan kayan, amma da yawa sun cire ta sun toshe gurbinta da tsinke. Idan matuƙi ya faɗa ruwa inji na aiki, jirgi kan riƙa kewaya ya dawo kansa da farfela. A ɗaure jarkokin da babu komai ciki, a rufe da kyau, a ƙarƙashin gefe don jirgi ya yi iyo ko ya cika da ruwa, a kuma tanadi jirgi na biyu da zai tsaya kusa duk ranar atisaye. Gwada gudu da fasinja a ciki, ko rige-rige ranar kasuwa, ba atisaye ba ne.

A rabon da ya dace da yawancin masu jirgi, cikin kowace naira 10, wajen 3 na tafiya ga ganga, 2 ga gyaran inji da farfela, 2 ga mai, 1 ga kariya, 1 ga matuƙa da zirga-zirga, ɗayar kuma a ajiye ta kada a taɓa, don abin da zai karye. Kuɗin ya fito daga rara ko adashi ko gudummawar 'yan unguwa, ba daga bashin da ake sa ran kyautar gasa ta biya ba, tunda jirgi ɗaya ne ke zuwa na ɗaya. Wanda jirginsa guda ne, shi ke ciyar da gida, ya tsaya kan gyaran da za a iya warwarewa, ya kuma lissafa kuɗin shigar da zai rasa a kwanakin da jirgin ke kife a tudu.

Kasafin bai rufe ba sai jirgi ya koma bakin aiki. A mayar da farfelar kaya, domin mai dogon taku a ƙarƙashin lodin buhuna na gajiyar da inji ta ƙona mai a banza. A sake man giya, a duba fulogi, a mayar da benci da duk abin da aka sauke. Sannan a sake bin mahaɗai da allon baya da hannu, a bar jirgin ya kwana a ruwa babu kaya a ga yawan abin da ya sha, kafin a ɗora masa fasinjan farko.