Ƙananan Ƙudajen da Ke Bin Allon Waya da Dare: Daga Tukunyar Fulawa Suke

Mutum yana kwance da dare yana duba waya, sai wani ɗan baƙin ƙwaro ya riƙa sauka a kan allo. Ba ya cizo, ba ya kuka kamar sauro, amma kullum sai ya dawo da 'yan uwansa. Idan akwai tukunyar fulawa a ɗakin, to daga can yake fitowa, hasken allo ne kawai ya jawo shi. Turawa na kiransa fungus gnat, kuma da wannan sunan za a same shi a intanet.

Kafin a yi magani a tabbatar da shi tukuna. A ɗauki hotonsa da kyamarar waya, a zuƙo sosai. Tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, siriri ne, ƙafafunsa dogaye. Ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba daban ne, shi gajere ne mai kumbo da jajayen idanu. Wani gwajin mai sauƙi: a yanka ɗanyen dankalin turawa, a kifa shi a kan ƙasar tukunyar, a ɗaga bayan kwana biyu ko uku. Idan an ga 'yan tsutsotsi farare masu baƙin kai, to su ne.

Waɗannan tsutsotsin ne matsalar. Babban ƙwaron kimanin mako guda yake rayuwa, amma kafin ta mutu macen na iya saka ƙwai fiye da 100 a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 6, tsutsar ta yi kusan mako biyu tana cin fumfuna da ruɓaɓɓen taki a saman ƙasar, in sun yi yawa su koma kan ƙananan saiwoyi. Babbar shuka takan jure, amma ɗan dashe ko iri da ya fara tsiro sai ya yi yaushi ya mutu. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne. Shi ya sa fesa maganin sauro a ɗaki ba ya kawo ƙarshensu: kamar goge saƙon kuskure ne daga allo alhali kuskuren yana nan cikin manhajar. Gobe wasu za su fito.

Sau da yawa ma wayar ce ke jawo abin. Manhajojin kula da shuka suna tura sanarwa cewa a yi ban ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, kuma kalanda suke bi, ba su san halin da ƙasar take ciki ba. Tukunyar da ke bushewa da wuri lokacin hunturu tana iya kwana goma da danshi a damina, musamman a ɗakin da rana ba ta shiga. Don haka a mayar da sanarwar ta zama ta dubawa kawai. A tura yatsa ko tsinke cikin ƙasar har kamar santimita 3 zuwa 5, in akwai danshi a ƙyale ta. Ƙwai da ƙananan tsutsotsi ba sa jure bushewa. A kuma tabbatar tukunyar tana da huda a gindi, a zubar da ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashinta.

Mai sha'awar haɗe-haɗe zai iya ɗaura na'urar auna danshi a kan Arduino ko ESP32 ta riƙa tura masa saƙo. Ya nemi irin da ake kira kafasitib, domin mai ƙafafun ƙarfe biyu a buɗe tana yin tsatsa da wuri a cikin ƙasa, ta fara ba da lambobin ƙarya. Aiki ne mai daɗi na koyo, sai dai a kan tukunya ɗaya ko biyu yatsa ya wadatar.

Manyan kuma a kama su da takarda mai danƙo, rawaya, domin launin na jan su. A kafa ta dab da ƙasar, a ɗauki hotonta duk mako a ƙirga. Ta haka za a san ko suna raguwa.

Idan bushewa kaɗai bai isa ba, akwai ƙwayar bakteriya da ake kira Bti, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Mosquito Bits. Tana kashe tsutsar sauro da ta wannan ƙwaro idan sun ci ta, ba ta cutar da mutum ko kyanwa. Ita ce aka yi amfani da ita a kogunan Afirka ta Yamma wajen yaƙi da baƙin ƙudan da ke haddasa makantar kogi. A jiƙa ta a ruwa bisa umarnin da ke jikin kwalin, a yi ban ruwa da shi. Ba ta taɓa ƙwai da manya, saboda haka a maimaita duk lokacin ban ruwa har wata guda ya cika, ko da takardar ta daina kama komai tun mako na biyu.