DARASIN WATA: Idan Dattijo Ya Dangwala Yatsa A Takardar Gyaran Gida

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan wata matsala ce da takan taso daga kaka zuwa bazara. A lokacin ne manomi yake da ɗan kuɗi a hannu. A lokacin ne kuma kowa yake tunanin gyara ɗaki kafin ruwa ya sauka. Masu neman aiki sun san da haka.

Sai baƙo ya yi sallama da hantsi, sa'ad da matasan gida suka tafi kasuwa ko fadama ko cirani. Ya tarar da dattijo shi kaɗai a zaure. Ya ɗaga kai ya ce rufin nan ba zai kai damina ba, shi zai sa kwano. Ko ya ce zai yi wa katanga filasta, ko ya haƙa rijiya, ko ya haɗa wutar sola a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ya zaro takarda da Turanci, ya ce wannan farashi na yau ne kawai. Dattijo ya dangwala yatsa, ya ba da kafin alƙalami. Sai daga baya 'ya'ya su gane kuɗin ya ninka abin da maginin gari zai karɓa.

Ba duk mai bin gida-gida ne macuci ba. Akwai masu neman halaliyarsu. Amma mai gaskiya ba ya jin tsoron a ce masa ya dawo gobe in yara sun dawo.

To, an riga an dangwala. Ana iya fasawa? Sau da yawa ana iyawa, muddin an yi hanzari kafin a fara aiki.

WA ZAI FASA?

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ɗa yakan fusata, ya ɗauki waya ya ce wa mai aiki, "Mun fasa." Mai aiki ya ce, "Ai ba da kai na yi ba." Kuma gaskiyarsa ce. Wanda ya ƙulla shi ne yake warwarewa. Ɗa ko jika ko ƙane ba zai fasa da bakinsa ba, sai in dattijon ya wakilta shi a gaban shaidu.

Saboda haka aikin farko a cikin gida yake. A zauna da shi cikin ladabi. Kada a ce masa an cuce shi kamar yaro, balle a yi masa faɗa a gaban surukai ko jikoki. Dattijon da aka kunyata yakan kafe ya ce shi ya yi, kuma gidansa ne. Wani ma sai ya ɓoye takardar. Gara a ce, "Baba, ko za ka ba ni takardar nan in karanta maka, mu ji abin da aka rubuta?" Sannan a tambaye shi abin da aka faɗa masa da baki. Nawa aka ce? Kwano bandir nawa? Da katako da ƙusa ko babu? Yaushe za a gama? A gwada da abin da ke cikin takarda. In baki ya ce bandir uku takarda ta ce biyu, an sami hujja. Bandir ɗaya falle 20 ne, don haka bambancin ba ƙarami ba ne.

A duba da kyau ko an sa gona ko gida jingina. A kuma tambaya ko ya miƙa takardar fili. Wannan ya fi kafin alƙalami haɗari nesa ba kusa ba. In gidan gado ne da ba a raba ba, mutum ɗaya ba shi da ikon jinginar da rabon sauran magada.

In kuwa tsufa ya kai ga dattijon yana ruɗewa, ba ya tuna abin da ya yi da safe, to maganar ta canza. Cinikin wanda hankalinsa ya gushe ba ya tsayawa da ƙarfi, ko a kotun shari'ar Musulunci ko a ta majistare. Sai a kai shi asibiti likita ya duba shi ya ba da takarda. Maƙwabta da liman su ma shaidu ne.

ABIN DA DOKA TA CE

A Ingila, wanda aka ƙulla wa irin wannan ciniki a gidansa yana da kwana 14 na fasawa, ba sai ya faɗi dalili ba. A Amurka kwana 3 ne na aiki. Dokar Nijeriya ba ta yanke kwanaki haka ba, amma ba ta bar talaka haka nan ba.

Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019. Sashe na 120 ya ba mai saye damar fasa kaya ko aikin da ya yi oda tun kafin a kawo. Sai dai mai aiki yana iya cire ɗan abin da ya dace saboda wahalarsa. A lura, abin da ya dace aka ce, ba duk kuɗin ba. Sashe na 124 ya hana matsa wa mutum lamba ko tsorata shi don ya saya. Ya kuma hana mai sayarwa ya ci da gumin wanda ya san ba ya iya kare kansa, saboda rashin lafiya ko rashin karatu ko rashin jin harshen da aka rubuta takardar.

Akwai kuma tsohuwar doka ta kare waɗanda ba su iya karatu ba, tun zamanin Turawa. Ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda, dole ya sa sunansa da adireshinsa a jiki. Wannan shi ne shaidar cewa an karanta masa, an fassara masa, kafin ya dangwala. Ku duba ƙasan takardar Baba. In babu wannan, dattijon yana da babbar hujja a gaban alƙali. Kotun Ƙoli ta bayyana cewa abin dubawa shi ne ko mutum yana iya karanta harshen da aka yi takardar da shi. Ke nan malamin da ya iya Larabci da ajami, amma takarda ta zo da Turanci, shi ma yana iya neman wannan kariya. Sai dai shi ne zai kawo shaidar cewa bai iya ba.

TAKARDAR FASAWA

Magana da baki iska ce, a rubuta. Ba sai da Turanci ba, Hausa ta isa. Ga misali:

"Ni, ........, na ƙauyen ........, ina sanar da kai cewa na fasa aikin ........ da muka yi magana ranar ........ Kada ka kawo kaya, kada ka fara aiki. Ka dawo mini da kafin alƙalami naira ........ nan da kwana bakwai."

A sa kwanan wata. Dattijon ya dangwala, shaidu biyu su sa hannu. Kai da ka rubuta, ka ƙara a ƙasa cewa ka karanta masa ya yarda, ka sa sunanka da inda kake zaune. Dokar da ta hau kan baƙo ta hau kanka. A yi takardar biyu, a ba mai aiki ɗaya a gaban mai unguwa ko dagaci, a adana ɗaya tare da rasit. In da waya mai hoto, a ɗauki hoton takardun duka, a aika masa ta waya.

Daga ranar kada a ƙara biyan ko kwabo. In mota ta kawo yashi ko kwano, kada a bari a sauke. Da zarar an kware rufi ko an fasa buhun siminti, fasawa ta yi tsada, don dole a biya abin da aka taɓa. Kayan da ya riga ya ajiye kuwa amana ne. Kada a riƙe, kada a sayar, a ƙirga a gaban shaidu ya kwashe abinsa.

IN YA ƘI FA?

A fara da sulhu a wurin dagaci ko hakimi. Malamai suna kiran wannan iƙala, wato masu ciniki biyu su yarda su warware, kowa ya karɓi abinsa. In an bar masa kuɗin mota da na yininsa aka rabu lafiya, ba a yi asara ba. Wani lokaci ma aikin ana bukatarsa, farashin ne ya yi yawa. Sai a kira maginin gari ya ƙiyasta, a sake sabuwar jinga a rubuce.

Wasu sukan yi barazana da 'yan sanda. Kada gaban dattijo ya faɗi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Amma in baƙon ya gudu da kuɗi, adireshinsa na ƙarya ne, wannan zamba ce, ku ne za ku kai rahoto.

In sulhu ya gagara sai kotu. Ana kuma iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar taimakon lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya kwafi takardar fasawa a littafinsa, ya cike guraben da sunansa da na ƙauyensu. Sannan ya amsa: in an ce kwano bandir uku, takarda ta ce biyu, falle nawa ne ya ɓace? Wanda yake da tsohon rasit ko takardar jinga a gida ya zo da ita aji, malami ya taimaka a nemo suna da adireshin wanda ya rubuta.