Amsoshin Tambayoyinku: Wasan Hawan Turke na Indiya

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: me ya sa rataya kai ƙasa a wasan hawan turke na Indiya ke ba masu koyo wuya?

To malam, sunan wasan Mallakhamb, asalinsa atisayen 'yan kokawa ne, kuma a 2019 aka yi gasarsa ta duniya ta farko a Mumbai. Turken na katako ne, ana shafe shi da man zurma don kada ya saɓule fata. Wanda ya rataya, cinyoyinsa da ƙarfin cikinsa ke riƙe shi, ga santsi, ga fargabar faɗuwa. Shi ya sa ake farawa daga gindin turke, da katifa a ƙasa, malami na tallafe da ɗalibi. Sannu ba ta hana zuwa.