DARASI: BUKUKUWAN JUYIN SHEKARA DA MATSAYIN MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai jujjuya dare da rana, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Ɗan Issa da kewaye, a ranar 20 ko 21 ga watan Maris tsawon dare da na rana kan daidaita. A wajenmu lokacin shigowar bazara ne, amma a ƙasashen sanyi lokacin tohon itatuwa ne. Saboda haka mutanen dā suka mai da shi biki. Babilawa suna yi wa gumakansu bikin Akitu, Farisawa majusawa kuma suna yin Nairuz, wanda har yau shi ne farkon shekara a Iran.

Mu ma kakanninmu ba su kuɓuta ba. Arnan kwarin Maraɗi sun gāji buɗin daji, inda ake yanka wa iskoki irin su Doguwa da Kure akuya ko zakara, a kuma yi duba don sanin yadda damina za ta kasance. Asalin duka ɗaya ne: tsoron yunwa, da neman ruwa a wurin wanda bai mallaki ko ɗigo ba.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku 2 na wasa tun jahiliyya, sai ya sanar da su Allah ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar Salla da babba. Wasu malaman sharhi sun ce Nairuz da Mihrajan ake nufi. Haka nan a Hudaibiyya, kamar yadda Buhari da Muslim suka kawo, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina saukar ruwa ga tauraro. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Nurul Albab ya yi tir da masu yi wa itatuwa da duwatsu yanka alhali suna salla.

To, a lura. Manomi ya ƙirga wata har watan bakwai, ya share gona, ya tanadi iri, wannan ba laifi ba ne, riƙo da sababi ne. Abin da aka haramta shi ne ba da kaza ko hatsi gudummawar tsafi, ko tambayar boka labarin damina, ko binne asiri a gona. Yanka ibada ne, na Allah ne shi kaɗai, kamar yadda aya ta 162 ta Suratul An'am ta nuna. Maƙwabcinmu da ke kan al'adar kakanni kuwa, haƙƙinsa kyautatawa da nasiha, ban da gori.

Idan ruwa ya yi jinkiri, muna da tuba da sadaka da sallar roƙon ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana imaninmu, amin.