DARASI: Barkono abinci ne, ko guba?

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau a kan barkono ne, wanda wasu ke kira tonka. Kowane gida yana sa shi a miya. Manoma da yawa kuma suna jiƙa shi da sabulu, su fesa wa wake da kabeji don korar ƙwari. To, abin da ke korar ƙwari, ba ya cutar mutum? Masana sun nemi amsa. Sun fara gwadawa a kan dabbobi, don daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Mene ne yaji?

A cikin barkono akwai wani sinadari mai suna kafsaisin. Shi ne yajin. Ya fi yawa a farin naman ciki, inda ƴaƴa suke manne. Idan ya taɓa harshe ko ido, sai jijiya ta gaya wa ƙwaƙwalwa: «Wuta!» alhali babu wuta. Wani masani na Amurka, David Julius, ya gano yadda haka ke faruwa a 1997. An ba shi kyautar Nobel a 2021.

Yaya ake gwajin?

1. Ana shanya barkono, a daka, a tatso ƙarfinsa.
2. Ana kawo ɓerayen da aka kiwata don gwaji, a auna nauyin kowane.
3. Ana raba su kashi kashi. Wani kashi a ba shi kaɗan, wani a ba shi da yawa. Kashi guda ba a ba shi kome, don a kwatanta.
4. Ana kallonsu har kwana 14. Suna ci? Suna numfashi daidai? Sun rame?
5. A wani gwajin, kullum ake ba su kaɗan kaɗan, har kwana 28 ko 90. Daga baya a duba jini, da hanta, da ƙoda.

Wani Bature ɗan Ingila, Trevan, ya kawo wani awo a 1927: yawan abin da ke kashe rabin dabbobin da aka ba. Wannan awo yana cin dabbobi da yawa. Saboda haka tun 2002 ƙasashe da dama sun bar tsohuwar hanyar. Yanzu ana aiki da ɓeraye kaɗan, don dabba ma rai gare ta.

Me aka gani?

A ƙasar Japan, a 1996, an ɗura wa ɓeraye tsantsar kafsaisin ta baki. Yawu ya dinga zuba, suna tangaɗi, numfashi ya yi wuya. Rabinsu sun mutu da aka kai wajen miligiram 100 zuwa 160 ga kowane kilo na nauyin jiki. Miligiram 1000 ne giram 1.

Mu yi lissafi. Mutum mai kilo 60, a miligiram 100 ga kilo:
60 x 100 = miligiram 6000, wato giram 6.
Busasshen barkono mai yaji sosai, wajen kashi 1 cikin 100 nasa ne kafsaisin. Ke nan giram 6 sai an tara barkono fiye da rabin kilo. Ba mai cinye wannan a zama guda. Don haka barkonon miya ba abin tsoro ba ne. Haɗari yana wurin wanda aka tatse, aka tara ƙarfinsa.

Ɓera ba mutum ba ne

Ku dubi kaza. Tana tsattsagar barkono, ko a jikinta, don jijiyar tsuntsu ba ta jin kafsaisin. Da a kan kaza kaɗai aka gwada, da an ce barkono ba shi da yaji! Jiki ya bambanta. Shi ya sa masana ba su ɗaukar lissafin ɓera su ɗora wa mutum kai tsaye. Sukan nemi adadin da bai yi wa dabba kome ba, su raba shi gida 100. Kashi guda ne suke yarje wa mutum.

Mutane ma ba ɗaya ba ne. A 2023, a Amurka, wani yaro ɗan shekara 14 mai lahani a zuciya ya rasu bayan ya ci wani soyayyen abu da aka cika wa yaji don gasa. A 2024 hukumar abinci ta ƙasar Danmak ta janye wasu taliyoyi daga kasuwa saboda yajinsu ya wuce kima.

Abin da za mu riƙe

– Kada yara su yi gasar cin barkono.
– Mai fesa ruwan barkono ya rufe hanci da baki, ya kare ido, ya ba iska baya.
– A yi feshi da marece. Gwaji ya nuna kafsaisin yana cutar ƙudan zuma, su kuwa ke sa fure ya yi ɗa.
– Kada a zuba ruwan barkono a kwalbar sha. A aje shi nesa da yara.
– Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In zafi bai lafa ba, a tafi gidan likita.
– A shanya barkono a kan tabarma har ya bushe ƙarau. Wanda ya yi hunhuna a zubar, don hunhuna na iya ɗauke da guba mai lalata hanta. Masu noman tattasai na Diffa da masu lambun rani, ku lura da wannan.

Barkono abinci ne in an sa daidai. Yawa ne ke mai da shi cuta.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake barin kashi guda na ɓeraye ba a ba su kome ba?
2. Me kaza ta koya mana?
3. Yaro mai kilo 20, a miligiram 100 ga kilo, giram nawa ke nan?

Ku tattauna a ajin karatun manya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.